Yadda zaka gane ko kamfani ya yi isasshen tanadi kan bashin da yake bin kwastomominsa

Duk wanda ke sayen hannun jari, ko yake shirin ba wani kamfani kaya ko rance, ya kamata ya san wani layi guda a rahoton kuɗi na shekara wanda yawancinmu muke tsallakewa mu zarce wajen riba. Layin nan shi ne na abin da kamfani ya ware a lissafi saboda bashin da yake bin kwastomomi amma yana ganin ba zai dawo ba, ni dai tanadi zan dinga ce masa. Abin da ya sa na damu da shi, kusan duk sauran lambobin rahoton akwai shaida a bayansu, kuɗin da ke banki akwai takardar banki, kayan da ke sito ana iya shiga a ƙirga, amma shi wannan ƙiyasi ne zalla, manajoji ne ke zama su ce a ganinmu kaza ne ba zai dawo ba, kuma duk naira ɗaya da suka rage a ƙiyasin nan kai tsaye cikin riba take faɗawa ba tare da an sayar da ko katan ɗaya na ƙari ba.

Abin ba baƙo bane a wajenmu. Ɗan kasuwar Singa mai ba ƙananan 'yan tireda kaya bashi, in ya buɗe littafinsa ya san jimillar da ke rubuce daban, abin da zai shigo aljihu daban, ya san wane ya bar gari, wane shagonsa ya ƙone, wane kuma yana nan amma wata shida kenan sai gobe sai jibi. In mai hankali ne ba zai lissafa waɗannan cikin jarinsa ba. To kamfani ma haka, sai dai shi doka ta tilasta masa ya rubuta ƙiyasin a fili kowa ya gani. Abu ɗaya da nake so ka riƙe tun yanzu, tanadin nan ba tsabar kuɗi bane da aka ajiye a wani asusu, babu wani akawun a banki da zaka je ka tarar da shi, ragi ne kawai da ake yi wa adadin bashin a takarda, sannan a rubuta shi a matsayin asara a bayanin riba.

Farko sai ka nemo lambobin. Ka sauke rahoton shekara wanda odita suka bincika, daga shafin kamfanin ko na kasuwar hannun jari ta NGX, kuma kada ka tsaya a shekara ɗaya, ka samo na shekara uku aƙalla, biyar in da hali. A shafin da ke nuna kadarori da basussuka zaka ga bashin da ake bin kwastomomi, amma lambar da ke nan an riga an cire tanadi daga cikinta, kuma sau da yawa an cakuɗa ta da wasu abubuwa kamar kuɗin da aka biya tun kafin a karɓi kaya, rancen ma'aikata, harajin da ake jiran a mayar. Kusa da layin akwai 'yar ƙaramar lamba, 18 ko 21 ko makamancin haka, ita ce ke kai ka ga ƙarin bayanin da ke can bayan rahoton. Can zaka ga an warware, ga cikakken bashin kwastomomi, ga tanadi an sa shi a matsayin ragi, ga abin da ya saura. In a kwamfuta kake, danna Ctrl da F ka rubuta ECL, zai kai ka wuraren da ake maganar, galibi wuri biyu ne ko uku, ɗaya a bayanin bashin, ɗaya a sashen da ke magana kan haɗarin ba da bashi.

ECL ɗin nan, wato asarar da ake tsammanin yi a kan bashi, daga ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya mai suna IFRS 9 ta fito, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Kafin ita ana amfani da tsohuwar ƙa'ida IAS 39, inda kamfani ba ya rubuta asara sai an ga alama ƙarara cewa kwastoma ya gaza, kuma rikicin kuɗi na duniya na 2008 ya nuna cewa wannan tsarin yana sa a makara sosai, sai ruwa ya ci gida ake fara lissafin ɓarna. Sabuwar ta ce tun ranar da ka ba da kaya bashi ka ƙiyasta abin da kake tsammanin zai salwanta, ka duba tarihin biyan kwastomominka, ka kuma duba halin da tattalin arziki ke shirin shiga. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari a Najeriya sun koma IFRS tun 2012, don haka wannan ƙa'idar ce ke kansu. Na Amurka suna da tasu mai kama da ita, CECL, manyansu sun fara a 2020. 'Yan uwa na Nijar masu duba lissafin SYSCOHADA, tsarin lissafin da kamfanonin can ke bi, ku nemi asusu mai lamba 416 na bashin da ake shakka ko ake rigima a kansa, da 491 na tanadin, duk abin da zan faɗa yana aiki a kansu. Kuma in kana jera shekaru har ka koma bayan 2018, kada tsallen da tanadi ya yi a wannan shekarar ya ruɗe ka, canjin ƙa'ida ne.

To yanzu lissafin farko, mai sauƙi. Raba tanadi da cikakken bashin, wato kafin a cire komai, ka ninka da 100. Bari in ƙirƙiri misali da lambobi masu sauƙin riƙewa, ba wani kamfani na gaske bane. A ce mai sarrafa kayan masarufi ne yana ba diloli kaya. Bara ya yi cinikin naira biliyan 60, yana bin bashin biliyan 10, ya yi tanadin miliyan 800, kaga kashi 8 cikin 100 kenan. Bana ciniki ya kai biliyan 66, bashi ya kai biliyan 14, tanadi miliyan 840. Wanda ya kalli tanadin shi kaɗai zai ce ai ya ƙaru, madalla, amma in ka raba 840 da 14,000 kashi 6 zaka samu. Ciniki ya ƙaru da kashi 10, bashi ya ƙaru da kashi 40, tanadi kuwa da kashi 5 kacal. Waɗannan ukun ka dinga jera su kusa da juna kullum, domin a kamfani mai lafiya tare suke tafiya, ko da ba daidai wa daida ba.

Ka ci gaba ka tambayi kanka, da sun bar shi a kashi 8 kamar bara nawa zai zama? Kashi 8 na biliyan 14 shi ne biliyan 1 da miliyan 120. Sun rubuta 840, giɓin miliyan 280. Yanzu ɗauki giɓin nan ka kai shi wajen riba. A ce ribar bara kafin haraji biliyan 2.8 ce, ta bana biliyan 3, shugaban kamfani ya cika shafi biyu yana murnar an samu ci gaba. Cire 280 daga 3,000, saura 2,720, ƙasa da ta bara. Ma'ana ƙarin ribar gaba ɗaya, har da ɗoriya, daga sauya ƙiyasi ta fito. Wannan matakin na mayar da giɓi zuwa riba shi ne mutane ke mantawa, sai su tsaya a cewa kashi 8 ya koma kashi 6, abin ya yi kamar ƙarami, alhali kashi biyun nan su ne suka raba ci gaba da ci baya.

Amma fa kada ka yi saurin yanke hukunci, saukar kason ba laifi bane a karan kansa. Yana yiwuwa sun rabu da diloli masu taurin bashi sun koma sayar wa manyan kantuna masu biya a kan lokaci, ko sun fara karɓar garantin banki daga kowane dila, ko sun goge wani tsohon bashi mai yawa wanda dama an yi masa cikakken tanadi. Abin da zai raba maka gardama shi ne jadawalin shekarun bashi, kuma a ganina nan ne ya kamata ka fi daɗewa.

Jadawalin yana kasa bashin gida gida, wanda lokacin biyansa bai yi ba, wanda ya wuce da kwana 1 zuwa 30, da 31 zuwa 90, da wanda ya haura 90, wasu kamfanonin har 180 da 365 suke kaiwa. Kusa da kowane gida akan rubuta kason asarar da suka ɗora masa. Mu koma misalinmu. Bara cikin biliyan 10, biliyan 6 lokacinsu bai yi ba, biliyan 2 sun makara ƙasa da wata, biliyan 1 tsakanin wata ɗaya da uku, biliyan 1 ya haura kwana 90. Kason da suka sa, kashi 1, kashi 2, kashi 20, kashi 50. In ka buga zaka samu miliyan 60 da 40 da 200 da 500, jimilla 800, ya yi daidai da abin da suka rubuta. Bana cikin biliyan 14, gidan farko biliyan 7, na biyu biliyan 3, na uku biliyan 2, na ƙarshe biliyan 2. Kaga bashin da ya haura kwana 90 ya ninka, wanda ke biye masa ma ya ninka. Yanzu yi abin da ni nake ganin ya fi komai amfani a duk binciken nan, ɗauki kason da su da kansu suka yi amfani da shi bara ka ɗora a kan gidajen bana. Miliyan 70, da 60, da 400, da 1,000, jimilla biliyan 1 da miliyan 530. Su kuma 840 suka rubuta. Giɓin da muka zata 280 ne ashe 690 ne, kusan kwatan ribar shekarar. Kuma ba ra'ayinka ka shigar ba balle a ce ka tsananta, ma'aunin da suka amince da shi wata goma sha biyu da suka wuce ka auna su da shi.

In jadawalin bai nuna kason kowane gida ba, akwai gajeriyar hanya, raba tanadin duka da bashin da ya haura kwana 90. Bara 800 a kan 1,000, ya rufe kashi 80. Bana 840 a kan 2,000, kashi 42. Kwana 90 ɗin ba ni na zaɓe shi ba, IFRS 9 ce ta ɗauka cewa bashin da ya makara haka ana lissafa shi a matsayin wanda mai shi ya gaza biya, sai in kamfani yana da ƙwaƙƙwarar hujjar da ta nuna akasin haka. To in ka ga kamfani ya ce shi sai kwana 180 ko 360 yake ɗauka an gaza, ka nemi hujjar a rubuce, in kuma bara 90 ne bana ya koma 180, ka ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro. Haka in gidajen jadawalin sun canza, bara akwai gidan sama da shekara ɗaya bana an narkar da shi cikin na sama da kwana 90, ba ƙaramin abu bane aka ɓoye maka. Wani abin kuma da jadawali ba ya iya nunawa, in an zauna da dila an sake masa wa'adi, tsohon bashinsa sai ya koma gidan farko kamar sabo, shi ya sa in ka ga gidan farko ya kumbura fiye da yadda ciniki ya ƙaru ka nemi inda suka yi maganar sake tsara biyan bashi.

Daga nan sai kwanakin karɓar kuɗi. Raba bashi da cinikin shekara ka ninka da 365. Bara 10 a kan 60 ya ba da kwana 61, bana 14 a kan 66 ya ba da kwana 77. In rahoton ya ce wa'adin da suke ba diloli kwana 30 ne zuwa 45, to wani abu bai daidaita ba. Ka tuna dai bashin yana ɗauke da harajin VAT na kashi 7.5 a ciki, ciniki kuma ba ya ɗauke da shi, don haka lambar kan ɗan ɗaga kaɗan, amma tunda kowace shekara haka ne bai hana ka kwatanta ba. Kwanaki suna ƙaruwa, tanadi yana raguwa, wannan haɗin shi ne mafi muni, mutane suna ƙara jinkirin biya kamfani kuma yana cewa ya ƙara yarda da su.

Akwai wani ɗan ƙaramin jadawali da ke nuna motsin tanadin a cikin shekara, layi huɗu ne ko biyar. Abin da aka buɗe shekara da shi, ƙarin da aka yi wanda shi ne ke cin riba, abin da aka goge gaba ɗaya, abin da aka dawo da shi, sai na rufewa. A misalinmu an buɗe da 800, an ƙara 540, an goge 500, an rufe da 840. Gogewa ba ta taɓa riba a lokacin da aka yi ta in dama akwai tanadinta, tana rage bashi da tanadi ne a tare. Abin da zaka duba a nan shi ne gaskiyar ƙiyasin baya. Jera abin da aka goge kowace shekara kusa da tanadin da aka buɗe shekarar da shi. In shekara bayan shekara abin da ake gogewa yana cinye tanadin ko yana wuce shi, manajojin nan masu kyautata zato ne fiye da kima, kada ka yarda da ƙiyasinsu na bana. In kuma shekara biyar ba a goge ko kobo ba alhali ga bashi ya shekara uku a gidan ƙarshe, to matattun basussuka ake ta jan su a littafi. Sannan ka raba ƙarin da aka yi da ciniki, 540 a kan 66,000 bai kai kashi 1 ba, ka ga ko ya yi ƙasa da na shekarun baya.

Layin dawo da tanadi ma ka sa masa ido. Wani lokacin gaskiya ne, wanda aka fidda rai da shi ya zo ya biya. Amma akwai masu cika tanadi fiye da kima a shekarar da dama an yi asara ko sabon shugaba ya zo yana son ɗora wa na baya laifi, sai su dinga sakinsa kaɗan kaɗan a shekarun gaba riba ta yi kyau. Sunbeam na Amurka, masu kayan kicin da na gasa nama, sun shahara da wannan. Al Dunlap ya karɓi kamfanin a 1996, aka ware tanade tanade masu yawa a wannan shekarar, galibi da sunan gyaran kamfani, aka sake su a 1997, aka haɗa da tura wa diloli kayan da ba su buƙata tukuna a rubuta a matsayin ciniki. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta can ta ce aƙalla dala miliyan 60 cikin ribar miliyan 189 ta 1997 ta bogi ce. An kori Dunlap a 1998, kamfanin ya shiga kotun fatara a 2001. Don haka tanadi mai yawa ba koyaushe ne alamar taka tsantsan ba, in ya yi tsalle babu dalili ka jira ka ga ko za a sake shi baɗi.

Na Carillion kuwa ɗaya gefen ne, kuma shi ya fi tsorata ni. Babban kamfanin gine gine ne a Ingila, a watan Maris 2017 odita suka sa hannu a lissafin 2016, aka ci gaba da raba wa masu hannun jari riba, wata huɗu bayan nan a Yuli kamfanin ya fito ya ce zai yi tanadin fam miliyan 845 a kan kwangilolinsa, wato kuɗin da ya daɗe yana lissafawa a matsayin nasa ashe ba za su shigo ba. Janairu 2018 ya rushe. Daga baya a 2023 aka ci tarar KPMG, masu binciken lissafin, fam miliyan 21. Saboda haka sa hannun odita ba ya ɗauke maka aikin dubawa da kanka. Amma ka karanta rahoton nasu, akwai sashen da suke lissafa batutuwan da suka fi ba su wahala a binciken, KAM ake taƙaita shi, in tanadin bashi yana ciki to su ma sun san nan ne ƙiyasi ya fi yawa, kuma sukan faɗi abin da suka gwada.

Tambayar da aka fi yi ita ce to kashi nawa ne daidai, 5 ko 10? Gaskiya babu lamba ɗaya, ya danganta da sana'ar da kuma wanda ake bi. Kamfanonin siminti irin su Dangote Cement yawanci dila ke fara biya kafin ya ɗauki kaya, bashin kwastomomi ɗan kaɗan ne in ka kwatanta da cinikinsu, ko kason tanadin ya hau ko ya sauka ba zai girgiza riba ba, kada ka ɓata lokacinka a nan. Kamfanonin samar da wutar lantarki kuwa, irin Geregu Power da ya shiga NGX a 2022 da Transcorp Power da ya shiga a 2024, labari daban ne, babban mai sayen wutarsu NBET ne mallakar gwamnatin tarayya, shi kuma yana jiran kamfanonin rarraba wuta da kuɗin tallafi daga gwamnati, kowa ya san yadda basussuka suka taru a wannan harkar. A irin waɗannan bashin da ake bi yana cikin manyan abubuwan da ke takardar, nan ne ya cancanci ka kwana. Ka kwatanta kamfani da takwaransa mai sana'a iri ɗaya, mai fulawa da mai fulawa, mai wuta da mai wuta, in ɗaya ya yi tanadin kashi 3 ɗaya kashi 12 alhali kwastoma ɗaya suke bi, to ɗayansu ne ke da bayanin da zai yi.

Maganar bashin gwamnati tana buƙatar a ɗan tsaya. Hujjar da manajoji ke bayarwa ita ce gwamnati ba ta gudu, ko ba daɗe ko ba jima za ta biya, don haka tanadi kaɗan ya isa. Na yarda ba ta gudu, amma jinkiri ma asara ne, kuma ƙa'idar kanta ta ce a lissafa shi ko da za a biya duka daga ƙarshe. A Disamba 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8, kuɗin ruwan CBN yana kashi 27.5. Naira biliyan 1 da za a biya ka bayan shekara biyu a irin wannan yanayin, in ka auna da kuɗin ruwan nan darajarta a yau bata fi miliyan 615 ba sosai, kuma a tsakanin kamfanin rance yake ci a banki don ya sayi gas ya biya albashi. To in ka ga bashin gwamnati ya shekara biyu tanadinsa kashi 2, ka san ba a lissafa lokaci ba. Bashin da ake rigima a kansa shi ma haka, ka tuna takaddamar kuɗin USSD, wato lambobin da ake dannawa a waya a tura kuɗi, tsakanin bankuna da kamfanonin waya da ta ɗauki shekaru har CBN da hukumar sadarwa ta NCC suka fitar da umarnin biya a ƙarshen 2024. Bankuna ba matsiyata bane, amma wanda ke musun adadin da kake binsa daban yake da wanda ya amince kawai ya makara.

Sai wasu ƙananan abubuwa da kan ɓata lissafin in baka lura ba. Tun da aka saki naira a Yuni 2023 ta faɗi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a dala cikin 2024, kamfanin da ke bin bashi da dala zaka ga bashinsa ya kumbura a naira ba don an ƙara cin bashi ba, ka duba rabe raben kuɗaɗen ƙasashe kafin ka tsorata. Bashin kamfanonin gida ɗaya, wato na uwar kamfani ko na wani darakta, galibi ba a yi masa tanadin kirki, ka ware shi gefe ka sake buga kason da na bare kaɗai. Ka duba ko kwastoma ɗaya ko biyu ne ke riƙe da rabin bashin, domin kason tarihi ba ya aiki in mutum ɗaya ya faɗi. In kuma bashi ya ragu farat ɗaya dab da ƙarshen shekara, duba ko sayar wa banki suka yi da shi, kuma in kwastoman ya ƙi biya wa zai ɗauki asarar.

Bayan duk wannan ka buɗe bayanin shige da ficen tsabar kuɗi, ka kwatanta kuɗin da sana'ar ta shigo da su da ribar da aka rubuta. A misalinmu bashi ya ƙaru da biliyan 4 a shekarar da riba take biliyan 3, kaga ribar duka har da ƙari tana hannun diloli. Shekara ɗaya haka ba komai, kamfani mai girma da sauri yakan yi, amma shekara uku a jere riba tana hawa tsabar kuɗi suna ƙasa, kuma ana cin rance a biya masu hannun jari, wannan ni ba na sa kuɗina.

Rahoton wata uku uku da kamfanoni ke fitarwa odita ba su duba shi ba, kuma sau da yawa babu jadawalin shekarun bashi a ciki, amma zaka iya bin cikakken bashin da tanadin da kwanakin karɓar kuɗi. In tanadi ya tsaya cak a lamba ɗaya daga Maris har Satumba alhali bashi yana hawa, ka sa ran za a jibga shi a watanni ukun ƙarshe, kada ribar wata tara ta ruɗe ka ka saya. In kana da hannun jari a kamfanin, ko ɗari ne, kana da damar tambaya a babban taron shekara. Kada ka tashi ka ce ko tanadin ya isa, za a ce maka ya isa a wuce. Ka ce ranka ya daɗe, bashin da ya haura kwana 90 ya tashi daga biliyan 1 zuwa 2, kason asarar da kuka ɗora masa bara kashi 50 ne, bana nawa ne kuma me ya canza, sannan daga ranar rufe littafi zuwa yau nawa aka karɓo daga cikin biliyan biyun nan.